Godiya ga kantin maganin da ya yi wa ƙanwata magana da hannu

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Alhaji mai kantin magani na bakin titinmu a nan Kano, da duk ma'aikatansa, musamman Malamar da ke tsayawa a kanta daga azahar zuwa dare.

Alhaji, ranka ya daɗe, na san ka ce kada in ambaci sunanka ko na kantin, ka ce abin da aka yi don Allah ba a kai shi kasuwa. A kan suna na bi umarninka. Amma ka yi mini afuwa, maganar kam sai na yi ta a bainar jama'a, domin yaba kyauta tukuici, kuma ni ba ni da wani tukuicin da ya wuce wannan.

Ƙanwata tana da shekara huɗu a 1996, shekarar da sanƙarau ya yi wa Arewa ɓarnar da har yau ba a manta da ita ba. Ta yi kwanaki ba ta san inda kanta yake ba. Allah ya tashi kafaɗarta, amma ji ya tafi, kuma 'yan kalmomin da ta iya kafin ciwon suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya har bakin ya yi shiru. Ta yi karatu a makarantar Tudun Maliki, tana karatu tana rubutu daidai gwargwado. Yau matar aure ce mai 'ya'ya uku, mijinta tela ne, shi ma kurma. Ita ke riƙe da gidanta, ita ke lissafin adashinsu na mata a layi, kuma ban taɓa jin an ce ta ɓatar da sisin kowa ba. Na faɗi wannan ne saboda yawancin masu tsayawa a bayan kanta, da zarar sun ga ta ɗaga hannu maimakon ta buɗe baki, sai su ɗauke ta kamar ƙaramar yarinya da aka aiko.

Tun da Innarmu ta rasu ni ne kunnenta, ni ne bakinta a duk inda ake da layi da kanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku duba mace mai aure da 'ya'ya, ta tsaya gaban yayanta namiji tana nuna masa da hannu inda ke mata ciwo irin na mata, shi kuma ya juya ya faɗa wa wani namijin da baki, mutanen da ke bayansu a layi suna saurare. Ni ina jin nauyi, ita kuma kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sau da dama ta gwammace ta haɗiye ciwo da ta kira ni. Akwai lokacin da ta yi wata biyu tana fama da abin da maganin mako guda zai warkar, ban sani ba sai da matata ta lura. In ba na nan kuma, babban ɗanta mai shekara takwas ake ja ya yi tafinta, yaron da bai kamata ya san rabin abin da ake sa shi faɗa ba.

In ta je ita kaɗai, abu na farko da ake yi mata shi ne ihu. Mutum ya leƙo da kai ya daka mata tsawa, kamar ƙarar murya za ta tayar da jijiyar da sanƙarau ya kashe. Wasu kuma su ce ai ta kalli bakinsu, kurame suna karanta leɓe. Don Allah duk mai wannan tunanin ya tsaya gaban madubi ya furta bari, da ɓari, da mari, ba tare da sauti ba, ya gaya mini bambancin da ya gani. Ya gwada kafa da ƙafa. Hausa harshe ne da ma'anarsa ke rataye a kan hawa da saukar murya da jan wasali da abin da ake yi can cikin maƙogwaro, kuma ido ba ya ganin ko ɗaya daga ciki. A kantin magani kuwa, tsakanin bari da ɓari akwai rai. Lokacin korona da kowa ya ɗaura takunkumi, ɗan abin da take tsinta a leɓen ma ya ɓace mata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru shekara biyu da suka wuce, a wani kanti da ba naku ba. Ɗanta na biyu ya kamu da zazzaɓin cizon sauro. Mai kantin ya miƙo mata magani, ya ɗaga yatsu uku, ya karɓi kuɗinsa, ya juya ga na bayanta. Uku me? Ƙwaya uku, ko sau uku, ko kwana uku? Ta ɗauka ƙwaya ɗaya ce kullum har kwana uku. Zazzaɓin ya lafa ya dawo da ƙarfinsa, muka kwana biyar a asibiti da yaro ana ƙara masa ruwa. Ta daɗe tana ɗora wa kanta laifi, alhali minti biyu kawai aka hana ta.

To, a daminar bana ina Zariya sai ga kiranta na bidiyo a WhatsApp da yamma. Gabana ya faɗi, don na san autarta ba ta da lafiya tun safe, an yi mata gwaji an ce zazzaɓin sauro ne. Da na ɗauka sai na ga fuskar da na yi shekaru ban gani ba. Hannayenta na rawa don sauri, sai da na ce ta sassauta kafin na kama zancen. Ta ce, Yaya, mai maganin ta yi mini magana.

Ga yadda ta ba ni labari. Ta shiga kantinku ta miƙa takardar likita, tana jiran ihun da ta saba. Malama ta karanta, ta ɗago, ta lura, sai ta ajiye takardar ta gaishe ta da hannu. Ta tambaye ta shekarun yarinyar, ta ɗaga gira yadda kurame ke yi in tambaya suke yi, ta sa aka ɗora ta a sikeli. Da ta kawo maganin ba ta miƙa ta juya ba. Ta nuna mata cewa sau shida za a sha cikin kwana uku. Na farko yanzu. Na biyu bayan awa takwas, kuma ta fito daga bayan kanta ta je ga agogon bango ta ɗora yatsa a kan lambar da za a sha shi. Sauran safe da dare. Ta nuna mata a haɗa da madara ko abinci mai maiƙo don maganin ya kama jiki, kuma in yarinyar ta yi amai nan take a dawo. Ta zana rana da wata a jikin kwalin. Sannan ta ce ƙanwata ta maimaita mata duka daga farko, ta tsaya tana kallo har ta tabbatar an gane.

Amma ba wannan ne abin da ƙanwata ta fi nanata mini ba. A tsakiyar bayanin Malama ta yi kuskuren wata alama. Ƙanwata ta yi shahada ta gyara mata. Malama ta yi dariya, ta sake yi, ta tambaye ta ko yanzu daidai ne, ta yi mata godiya. Shekara talatin ana gyara wa baiwar Allah nan, ana jan hannunta, ana yanke mata hukunci a gabanta kamar ba ta wurin. Ranar ita ce ta koya wa mai farar riga abu, kuma aka karɓa. Sau uku ta maimaita mini wannan wurin kafin ta bar ni na kashe waya.

Malama, Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan mahaifanki da suka yi miki tarbiyya. Da na dawo na zo na gode miki, kika ce wai ba ki iya komai ba, alamun da kika sani ba su wuce hamsin ba. Hamsin ɗin nan su ne suka sa bayan mako biyu ƙanwata ta dawo wurinki ita kaɗai da wata matsala tata, kuka keɓe a gefe, ta sayi abin da za ta saya ta koma gida. Har yau ban san mene ne ba, kuma haka ya kamata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

A wurinki na ji yadda abin ya samo asali, cewa Alhaji ne ya lura kurame na yawan shigowa, ya nemo wani malami kurma yana biyansa ya zo duk Asabar da safe, rabin awa kafin a buɗe kanti. Abin da ya burge ni shi ne malamin bai fara da alamu ba, da ladabi ya fara. Ka fuskanci mutum, ka tsaya inda haske ke faɗa wa fuskarka da hannunka. In kana son hankalinsa ka ɗaga masa hannu ko ka ɗan taɓa kafaɗarsa, mace ga mace, namiji ga namiji, ban da jifa da tsakuwa ko fizgar riga. In ya zo da ɗan rakiya, shi za ka kalla, ba ɗan rakiyar ba. Bayan nan sai gaisuwa, ƙirga, kuɗi, safe da rana da dare, sassan jiki, zazzaɓi, amai, gudawa, ciki, da abu ukun da kika ce sun fi yi miki amfani: na gane, ban gane ba, sake.

Na kuma ji daɗi da malamin ya nuna muku cewa hannun kuramen Kano ba iri ɗaya ba ne. Akwai maganar hannu tamu ta gado, wadda bebaye ke yi a kasuwa da majalisa tun kafin a san makarantar boko, har da sarautar Sarkin Bebaye. Wata Bajamushiya mai nazarin harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen garin nan ta yi nazarinta, aka buga a 2000, ta nuna harshe ne mai tsarinsa, ba kwaikwayon Hausar baki ba. Akwai kuma ta makaranta, wadda tushenta na Amurka ne. Andrew Foster, wani baƙar fatar Amurka wanda shi ma kurma ne, shi ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, ya buɗe a Ibadan a 1960, kuma ta wannan hanya alamun Amurka da harufan yatsu suka shiga makarantunmu. Ƙanwata tana gauraya biyun. Surukarta kuwa, wata dattijuwa kurma da ba ta taɓa shiga aji ba, in ka yi mata harufan yatsu sai dai ta bi ka da ido. Wanda ya koyi ta makaranta kaɗai daga bidiyon intanet zai sha mamaki ranar da irinta ta shigo.

Sauran aikinku ba sai na tsaya a kai ba. Farashi babu zalunci, magani da lambar NAFDAC, firiji na aiki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, in kantin magani na unguwa zai iya wannan da rabin awa a mako, mene ne uzurin manyan wurare masu bene da na'urar sanyaya ɗaki? A da, mai kayan miya da mahauci da ɗan dako duk suna ɗan taɓa maganar hannu, kurma ya yi ciniki har ya nemi ragi. Har yanzu a kasuwa ana yi. Sai an shiga ofis ne hannun kowa ke mutuwa. Na raka ta wani banki inda ma'aikaci ke magana ta bayan gilashi, kansa a sunkuye kan kwamfuta, daga ƙarshe ya ce za su kira ta a waya don tabbatar da ita ce. Na ce kurma ce. Ya ce haka tsarin yake. A wani asibiti ta zauna tun bakwai na safe har azahar, ashe an kira sunanta sau biyu da baki an wuce, da ta matsa aka ce ita ta yi sakaci, ta dawo gobe. Allo guda da lamba, ko mutum ɗaya da zai duba kati ya ɗaga mata hannu, shi ke nan abin da ake buƙata.

Kuma ba a ce babu doka ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar fahimtar juna da majinyacin da ba ya ji ko ba ya magana. An ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin ya cika ya wuce. Duk 23 ga Satumba ana bikin ranar maganar hannu ta duniya, a yi taro a otal, a ɗauki hoto, washegari kurma ya koma layin da ake kiran suna da baki. Har a masallatai sai mun duba kanmu. Mijin ƙanwata bai taɓa fashin Juma'a ba, a sahun gaba yake zama, kuma a masallacin unguwarsu bai taɓa sanin abin da liman ya faɗa a huɗuba ba sai in ya dawo gida wani ya taƙaita masa.

Alhaji, ina da roƙo biyu, tunda ka nuna kai mai jin roƙo ne. Na farko, in an ɗauke wuta da dare kafin a tayar da inji, kantar tana yin duhu, kuma a duhu kurma ba ya ji ba ya gani. Fitila mai caji guda a saman kanta za ta wadatar. Na biyu, ka ba ni izinin zama a darasin Asabar. Abin da nake yi da ƙanwata alamun cikin gida ne da muka ƙirƙira tun muna yara, suna isar mu cefane da asibiti, amma ba sa isar mu hira mai tsawo, kuma akwai abubuwa game da Innarmu da nake so in ba ta labari da kyau. Ko a bakin ƙofa zan tsaya, kuma zan kawo nawa kason na sallamar malami.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa, ya ba Malama da abokan aikinta lada. Yarinyar ta warke sarai, ta koma Islamiyya.

Naku,
Yayan wata kurma, Kano.