Amsa ga Sadiq kan littafin Dune da fim ɗinsa

Sadiq ƙanina, sallama.

Ka tambaye ni a gaban jama'a a zaman 'yan karatu na Unguwar Rimi, wai tunda ka kalli Dune kashi na ɗaya da na biyu meye amfanin kashe lokaci kan ƙaton littafin. Har wasu suka goya maka baya wai fim ya gama komai. To ni dai amsata ita ce ka karanta, wallahi ka karanta.

Ba kushe fim ɗin nake ba fa. Darakta Denis Villeneuve ya yi aiki a 2021 da 2024, ya je har Wadi Rum a Jodan ya ɗauko hamada ta gaske, kuma ya fi na David Lynch na 1984 nesa ba kusa ba. Amma abin da Frank Herbert ya rubuta a 1965 maganar ruwa ce da mulki, kuma nan ne fim ya yi sauri ya wuce.

Akwai wata walima a littafin da aka cire gaba ɗaya. A fadar Arrakis, duniyar hamadar da labarin ya faru a cikinta, al'adar manya ce baƙi su wanke hannu su zubar da ruwa a ƙasa, a jefa tawul a kai, daga baya a matse tawul ɗin a sayar wa mabarata a bakin ƙofa, sai Duke Leto, mahaifin Paul jarumin labarin, ya hana ya ce duk wanda ya zo a ba shi kofi cike kyauta, kuma a teburin nan kowa na murmushi amma kana jin abin da yake ƙullawa a ransa saboda Herbert yana shigar da kai cikin tunanin mutane, abin da kyamara ba ta iyawa. Har lissafi ya yi, bishiyar dabino ɗaya na shan ruwa lita 40 a rana, mutum lita 8. Duk wanda ya taɓa tsayuwar jiran ɗan garuwa a Rigasa cikin zafin Afrilu ba sai an masa bayani ba.

Inda nake raba gari da masu cewa littafi ya fi ta kowace fuska shi ne Chani, masoyiyar Paul. A littafin ta tsaya da Paul, a fim ta ƙi yarda da annabcin zuwan mai ceto da ƙungiyar matan Bene Gesserit suka shuka wa Fremen, mutanen hamadar, ta juya masa baya ta tafi. Wasu sun ji haushi, ni kam na yaba, don gargaɗin Herbert ke nan kan bin shugaba ido rufe, wanda ya fito da shi ƙarara a littafi na biyu, Dune Messiah, a 1969.

Farkon littafin akwai nauyi, sunaye rututu, kar ka ajiye. Akwai ƙamus a bayansa, ka riƙa leƙawa har ka kai inda Paul da mahaifiyarsa Jessica suka faɗa hamada, daga nan mu yi magana.

Yayanka, daga Kaduna