Koken Mazauna Garin Malam Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Damagaram Kan Aikin Ruwan Da Aka Watsar

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram, Alhaji Abubakar Umaru Sanda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka na unguwar Garin Malam, dattawa, limamai, mata da matasa, muna durƙuso gaban uba da kukanmu.

Ranka ya daɗe, a makon da ya wuce muka yi jana'izar wata yarinya 'yar firamare. Uwarta ta aike ta ɗibar ruwa a tsohon ramin da ake haƙar ƙasar gini, santsi ya kwashe ta da jarkarta, kafin a kai mata ɗauki rai ya yi halinsa. Mun yarda da ƙaddara. Amma hanyar da ta bi zuwa ramin nan ta gaban rijiyar burtsatse ta ratsa, rijiyar da aka haƙa, aka kafa ƙarafan tanki, sannan aka kulle aka tafi. Ruwa na ƙasa, yaranmu na mutuwa wajen neman na kududdufi. Uwar yarinyar har yau ba ta iya magana da kowa.

Wata ƙungiyar waje ce ta soma aikin. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023, Tarayyar Turai da Faransa suka dakatar da tallafinsu, Amurka ta bi sahu a watan Oktoba, har gwamnati ta rage kasafin shekarar da kusan kashi 40 cikin 100. A nan ma'aikatan suka kwashe kayansu, aka ce mu jira. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar a Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka da Najeriya, motocin Kano suka dawo kasuwar Dole, Bankin Duniya ma ya koma aiki da Nijar. Rijiyarmu dai na nan da kwaɗonta.

Ba mu zo shiga maganar manya ba, Allah ya taimaki Sarki. Ko ƙasa ta yi hulɗa da Faransa, ko da Rasha da Turkiyya, ko ta riƙe Mali da Burkina Faso cikin ƙawancen ƙasashen Sahel na AES, wannan na shugabanni ne, kuma babu ɗan Damagaram da ke son a mayar da ƙasarsa 'yar amshin shata. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba mu, shinkafa da magani suka yi tsada, mun daure ba mu ce uffan ba. Asusun ceton ƙasa da aka kafa kuwa, a kuɗin wayarmu ma ana cire mana nasa, ba mu ƙi ba. To idan baƙo ya janye hannunsa, wa zai ƙarasa abin da ya bari? Shin mu aka yi wa fushi?

Mun rubuta takardu, mun tura mai unguwa, mun je ofis-ofis har mun rasa ƙidaya. Wannan ya ce aikin na masu tallafi ne, wancan ya ce takardun na Yamai. 'Yan ga-ruwa kuwa kullum farashi na hawa, musamman da bazara, alhali kowa ya san ƙishin Zinder ya girmi yawancinmu.

Muna roƙon Mai Martaba ya isar da kukanmu ga Gwamnan jiha, a karɓi rijiyar nan a hannun hukuma a ƙarasa ta. Abin da ya rage injin tura ruwa ne da faifan hasken rana da tanki. In babu kuɗi, a faɗa mana gaskiya, a ba mu izini da mabuɗi, mu yi karo-karo da 'yan kasuwarmu. A kewaye ramin nan ko a cike shi tun damina ba ta sauka ba. A turo motar ruwa ko sau biyu a mako. Kuma a binciki sauran ayyukan da aka bari rabi da rabi, don mun ji ba mu kaɗai ba ne. Sama da komai, ranka ya daɗe, a buɗe rijiyar nan, kuma muna roƙon Sarki ya turo wakili ya gani da idonsa.

Allah ya ƙara wa Sarki nasara da ɗaukaka.

Talakawanka masu biyayya,
Mazauna unguwar Garin Malam, Zinder.