A bai wa masu lalurar ƙafa filafili su ma

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani wasa da ba kasafai yake fitowa a shafin wasanni ba. Duk sanda aka tashi zancen wasannin masu buƙata ta musamman a ƙasar nan, ɗaga nauyi ake kawowa, sai ƙwallon da guragu ke bugawa da hannu a kan katako mai taya. Ba laifi, domin masu ɗaga nauyinmu sun sha fitar da mu kunya a gasar nakasassu ta duniya. Amma akwai tuƙin kayak, kuma a ganina da wuya a sami wasan da ya dace da wanda shan inna ta taɓa wa ƙafa kamarsa.

Ni ɗan Yauri ne, a bakin kogin Kwara na tashi, yanzu kuma ina koyar da tuƙi a wani tafki a Abuja. Kayak ɗan siririn kwale-kwale ne da mutum ke zama ƙasa-ƙasa a cikinsa, ƙafafu a miƙe, yana tuƙi da filafili mai baki biyu, dama da hagu. Asalinsa na mafarautan Inuwit ne na yankin ƙanƙarar Kanada da Girinlan. An shigar da shi gasar nakasassu ta duniya a Riyo ta Brazil a 2016, ana tseren mita 200, kuma an kasa 'yan wasan kashi uku: KL1 ga wanda hannu da kafaɗa kawai yake amfani da su, KL2 ga mai ɗan iko da gangar jikinsa, KL3 ga wanda gangar jikinsa lafiya lau, ƙafa ce kawai da matsala. Wanda ya ci zinaren maza na KL2 a shekarar, Curtis McGrath, sojan Ostireliya ne da nakiya ta raba shi da ƙafafunsa biyu a Afganistan a 2012. Shekara huɗu ke nan tsakani.

To mu da muke da ɗimbin matasan da shan inna ta bari a baya fa? An tabbatar da kawar da asalin nau'in ƙwayar cutar daga Nijeriya a 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, da yawansu kullum suna murza keken guragu da hannu, su hau tudu su gangara. Wanda ya shekara goma yana wannan, damtsensa ya fi na yawancin masu ƙafa biyun da ke zuwa wurina.

Sai dai ƙarfin hannu kaɗai ba ya tuƙa kayak, kuma nan ne aikin mai koyarwa yake. Mai lafiyar ƙafa yana tokare ƙafarsa a cikin jirgi duk bugun filafili, daga nan ƙarfin ke taso masa ya bi ta ƙugu. Wanda ba shi da wannan dole a sama masa madadi a mazauninsa. Akwai wani matashi mai gyaran waya da nake koya wa, ƙafarsa ta hagu ta shanye tun yana goye. Da ya zauna sai jirgin ya karkata dama, saboda nauyin jikinsa ba daidai yake ba. Muka yanka soson tsohuwar katifa muka cusa masa a gefen ƙugu da ƙarƙashin gwiwa, muka ɗaure gorar ruwa cike a gefen hagu na jirgin. Jirgi ya daidaita. Duka-duka abin da muka kashe bai kai kuɗin cin abincin rana ba. Wanda kuma yatsunsa ba sa riƙo da kyau, akan yanka tsohon tuf na keke a zagaya a jikin filafili ya zura hannu, amma da sassauci yadda zai zare nan take.

Wannan maganar zarewa ita ce uwa uba. Ba a ɗaure mutum a jikin jirgi, ko da me. Na ga masu tausayi da ke son sa igiya ko bel wai don kada ya faɗi, alhali idan jirgin ya kife sun ɗaure shi ne a ƙarƙashin ruwa. Rigar ceto kuwa ba a sa ƙafa a jirgi sai da ita, daidai jiki, a ɗaure tam. Mu 'yan bakin kogi mun san abin da rashinta ke jawo mana a Kebbi da Neja duk damina. Darasin farko ma ba tuƙi ba ne: a ruwa marar zurfi muke kifar da jirgin da gangan, ina tsaye ruwa iya ƙirji, har sai ɗalibi ya saba da fitowa da kansa ba tare da firgita ba. Na fi son a yi wannan a wurin ninƙaya na gini in da hali, domin yawancin madatsun ruwanmu ba a raba su da tsargiya.

Mai ciwon laka kuma sha'aninsa daban ne da na mai shan inna. Shi mai shan inna yana jin ƙafarsa, motsi ne ba ta yi. Mai ciwon laka ƙila ba ya jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa, don haka tsakuwa ɗaya a mazauni ko robar da rana ta gasa tana iya yi masa rauni bai sani ba, ya zama gyambon da zai kwantar da shi watanni. Wasunsu ma jikinsu ba ya yin gumi yadda ya kamata. Shi ya sa sai da sassafe ko bayan la'asar muke fita, kuma sai likitansa ya amince.

Abin da ya fi ba mutanenmu wuya shi ne riƙe hannunsu. Da an ga gurgu ya nufi bakin ruwa sai majiya ƙarfi uku su taso su sungume shi kamar buhun gero, babu ko sallama. Wancan matashin da kansa ya tsawatar wa wasu: "Don Allah ku bari, ku riƙe min jirgin kawai." Ya sauko daga kekensa, ya dafa, ya zame ciki cikin ƙiftawar ido. Shi ya san jikinsa, ya shekara ashirin da wani abu yana hawa da sauka da shi. Mai koyarwa tambaya zai yi: ina za a riƙe, ina ba a taɓawa, me kake iya yi da kanka? Idan mace ce, a sami mace ta taimaka mata, kuma a tanadi wurin sauya kaya mai sutura.

Roƙona ga hukumomin wasanni na jihohi ne, musamman Kano mai Tiga da Bagauda, da Kebbi da ke tseren kwale-kwale a bikin kamun kifi na Argungu. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da aka sa wa hannu a 2019 ta ce wuraren jama'a su zama masu shiguwa gare su, bakin ruwa ma wurin jama'a ne. A fara da jirage kaɗan masu faɗin ciki waɗanda ake zama a kansu, da rigunan ceto, da gangaren siminti da keke zai bi har bakin ruwa. Masu koyarwa kuwa a ɗauko 'ya'yan masunta a horar da su, sannan a nemi ƙungiyoyin guragu na jihar su kawo sunayen masu sha'awa.

Naku,
Wani mai koyar da tuƙin kwale-kwale,
Abuja.