Yaya, don Allah a dakata da filastar nan tukuna

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya jikin Hajiya? Ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Mu nan Jidda alhamdulillahi, sai zafi da aiki kawai.

Na ga hotunan da Auta ya turo min jiya, ginin ya yi kyau masha Allah, amma da na ji ance ranar Asabar magina za su fara filasta sai da gabana ya faɗi, don ban ga an saka fayif ɗin wayar dish ko ɗaya ba a bangon, na wuta kawai na gani. Yaya a tsayar da su ko kwana biyu ne. In aka shafe bangon nan aka yi fenti to ƙarshenta irin na tsohon gida za a koma, a huda taga a zuro waya tana lilo a tsakar gida yara na shanya a kai, ko kuma a dawo ana fasa bangon da muka kashe wa kuɗi. Shekara uku ke nan ina bin masu wayarin a gine-ginen nan, abin da na fi gani yana sa mai gida cizon yatsa ke nan.

Ka tuna azumin da Hajiya na kallon tarawihin Makka, Auta ya kunna ƙwallo a ɗakinsa hotonta ya ɗauke, ta fito da carbi a hannu tana cewa an taɓa mata talabijin, shi kuma yana rantsuwa ko ɗakinta bai shiga ba? To duk su biyun gaskiya suka faɗa. Mai ɗaura dish ɗin ne ya raba waya ɗaya gida biyu da siflita. Ita dikoda wuta take turawa sama zuwa kan dish, wannan abin da ake ce wa LNB, wasu tashoshin bolt 13 suke so wasu 18, to in dikoda biyu suna kan waya ɗaya wannan ta ce 13 waccan ta ce 18, dole ɗaya ta haƙura. Shi ya sa nake cewa kowane ɗaki da wayarsa tun daga sama, babu rabi babu ƙulli a hanya. In ya kawo maka zancen siflita wai ya fi arha ka ce masa ni na hana.

Lissafina wuri biyar ne: falon Baba, ɗakin Hajiya, ɓangarenka, ɗakin samari, sai nawa in Allah ya dawo da ni. LNB mai baki huɗu yana ɗaukar dikoda huɗu kowa na kallon abin da ya ga dama, amma tunda mun wuce huɗu gara a sa maltisuwic, wata 'yar akwati ce da wayoyi huɗu ke saukowa cikinta daga dish, ita kuma ta rarraba wa ɗakuna takwas ko fi. Sai dai a tambaya da kyau wajen saye don tana da irin LNB ɗin da take aiki da shi. A nema mata wuri a sito ko ƙarƙashin bene, inda ruwa ba ya zuwa kuma akwai soket, duk fayif ɗin ɗakuna su haɗu a nan. Fayif mai milimita 25 za a sa, kar a matse, kuma a bar siririyar waya a ciki ta ja, gobe in za mu zura ta intanet ba sai an sha wahala ba. Falon Baba da ɓangarenka a ja bibbiyu. Kuma kar mai wayarin ya cusa ta fayif ɗaya da wayar wuta don ragin aiki, na san halinsu.

Wayar kanta RG6 ce. In ka shiga Sabon Gari wajen France Road ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, ka sa a fere bakin wayar ka kanga, in ya kama to ƙarfe ne aka yi wa wankan tagulla, in bai kama ba tagulla ce zalla. Ba wai ta ƙarfen ba ta aiki ba ne, amma wayar da za a binne a bango shekara da shekaru ai ba wajen tsumulmula ba ne.

Maganar inda za a kafa dish kuwa, duk taurarin ɗan'adam ɗin nan ta kudu suke da mu. Na DStv yana digiri 36 gabas, wato daga Kano kudu maso gabas zai kalla, Nilesat da Hajiya ke samun tashoshin Larabawa kyauta yana digiri 7 yamma, kudu maso yamma ke nan, kuma shi ya fi son babban faranti. Tsakaninsu da nisa, dish ɗaya ba zai kamo duka ba, biyu za a kafa. Darbejiyar maƙwabta ce ke damuna, a hoto na ga ta kusa kai tsayin katanga ta ɓangaren gabas, bana ba za ta tare ba amma nan da shekara biyu fa? A kafa a jikin bangon bene da kusoshi masu kyau, ba kan kwano ba, ka san iskar farkon damina a Kano ba ta da wasa. Inda wayar za ta shiga bango a ɗan sauko da ita ƙasa ta yi lanƙwasa kafin ta shiga, ruwa ya ɗige a waje, a naɗe bakin da tef sosai. Ta tsohon gida da na kwance sai da na tarar cikinta ya yi kore shar, muna ta zagin dikoda a banza. A ja wa dish ɗin wayar ƙasa kuma saboda tsawa. In hadari ya yi nauyi hoto ya ɗauke na ɗan lokaci wannan ba laifin kowa ba ne, kar a hau sama ana juya dish.

Kuɗin wata ba sai kowane ɗaki ya biya ba, DStv na haɗa dikoda har uku a kan biya ɗaya da ɗan ƙari, sauran ɗakunan na kyauta ya ishe su. Samari in ƙwallo suke so su haɗa kuɗinsu, ni dai kuɗin wayar dish na ɗauka.

Ka sa mai wayarin ya zo ya auna ya rubuta komai a takarda, mita nawa, fayif nawa, kuɗin aikinsa daban, ka ɗauka a waya ka turo min kafin Alhamis in tura kuɗin. Rabi za a ba shi, sauran sai an kunna duk ɗakunan lokaci ɗaya kowa na canza tasha an ga ba wanda ya ɗauke. Ka gaishe min da Baba da Anti, ka ce wa Hajiya dabinon na nan tafe hannun wani ɗan unguwarmu da ya zo umara.

Ƙaninka