Amsa ga ɗana da ya yi mini tambayar bashi a rediyo

Assalamu alaikum ɗana,

Daren Laraba da ka bugo waya cikin shirin rediyo, lokaci ya ƙure kafin in ba ka amsa, mai gabatarwa sai nuna mini agogo yake yi. Ba ka faɗi sunanka ba, ni ma ban nema ba. Ka ce kai ma'aikaci ne a nan Damagaram, albashinka jaka 90, wato sefa dubu casa'in, kana da mata da yara biyu, ƙaramin ko yaye shi ba a yi ba. Ka lissafo basussuka huɗu: na asusun bashi da ake yankar maka jaka 22 duk wata, jaka 38 na mai kantin unguwa, jaka 60 na wan matarka, sai jaka 50 da ka karɓa hannun wani mutum a kasuwa, wanda kake kai wa jaka 10 kowane ƙarshen wata, uwar kuɗin kuwa tana nan daram. Ka tambaye ni, tunda na daɗe ina riƙon adashe, ko ka shiga babban adashe ka yi ɗaukar fari ka share duka, ko kuwa ka sayar da motonka. Can a ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa, ka ce in ban da na wanta, mai ɗakinka ba ta san da ko ɗaya ba.

Wannan ta ƙarshen da ka faɗa kamar ba komai ba, da ita zan fara.

A shekarar 1994, lokacin da aka karya darajar sefa a watan Janairu, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ci bashin wani ɗan kasuwa bai gaya mini ba. Kaya sun yi tashin gwauron zabo, albashi bai motsa ba. Ni dai na ga mutum ya rage cin tuwo, ya koma shigowa gida bayan isha'i, in an yi sallama a ƙofa sai ya ce wa yaro a ce ba ya nan. Wata safiya ina tsakar gida ina bakace, faifai a hannu, sai na ji murya daga zaure: "Ki gaya wa maigida, wata bakwai ke nan." Bai ɗaga murya ba ma. Amma maƙwabciyata tana tsaye da ludayin da ta zo aro, ta ji komai. A ranar ina da awaki biyu da rago ɗaya da nake kiwo a bayan ɗaki. Da tun watan fari na sani, da ragon nan kaɗai ya kashe maganar. Cikin watannin nan bakwai kuwa na yi anko har sau biyu, na kai gudummawar biki daidai da matar mai hali, ina ganin gidana lafiya lau. Ba bashin ne ya fi yi mini ciwo ba, barina da aka yi ina ɓarna a cikin duhu.

To kai ma haka kake yi wa 'yar mutane. Ita ke auna tiya, ita ta san ko man gyaɗa zai kai Juma'a, ita ake kawo wa goron gayyata. Ta yaya za ta tsuke hannu a kan abin da ba ta sani ba? Ka sayi kaye, wato littafin rubutu, na dala ashirin, in yara sun yi barci ku zauna, ka rubuta sunan kowa da abin da yake binka, kada ka rage ko dala. Za ta yi fushi, wataƙila ta yi kuka, ka haƙura ka sha. Rubuta bashi ba baƙon abu ba ne gare mu, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan haka ta sauka. Sai dai in ja kunnenka: akuyarta, da 'yan kunnenta, da kwanukan jerenta, nata ne, ba ka da iko da su. In ta ga dama ta taimaka, shi ma a shigar da shi cikin kayen nan a matsayin bashi, ka biya ta kamar yadda za ka biya bare.

Cikin huɗun nan, ɗaya ne ke cin ka da rai, na mutumin kasuwa. Jaka 10 a kan 50 duk wata, kashi 20 cikin ɗari ke nan a wata, 240 a shekara. Dokar ƙasashenmu masu sefa ba ta yarda asusun bashi mai rajista ya wuce kashi 24 a shekara ba, ka ga shi ya ninka haka sau goma. Cikin wata biyar ka mayar masa da kuɗinsa cif, kuma har yanzu yana binka 50. Hukuncin riba kuwa ka san shi, ba sai tsohuwa ta karanta maka ba. Wannan bashin ba a lallaɓa shi, yanke shi ake yi lokaci guda. Ka duba abin da ke gidan wanda ba ya kawo ko dala: babbar wayar nan da kuke latsawa, ko ragon da kake turkewa don layya. Layya a kan mai hali take, je ka tambayi limamin unguwarku ka ji. Ka haɗa 50 ɗin, ka tafi da shaidu biyu, ka miƙa masa a gabansu.

Moto kam kada ka sayar. Da shi kake zuwa aiki, in ka rabu da shi kuɗin kabu-kabu zai cinye abin da ka samu kafin shekara ta zagayo. Ga shi in ka tashi aiki kai ma kana iya ɗaukar mutum biyu uku tsakanin Zango da Birni ka fidda kuɗin mai. Aiki ba ya rage mutum.

Adashe sana'ata ce, amma ba zan sa ka a ciki yanzu ba. Mai ɗaukar fari bashi ya ci, bashin mutum goma ko ashirin a lokaci guda, waɗanda duk sun san gidansa. Ka ɗauka ka biya mutum huɗu, washegari ka wayi gari da zubin da albashinka ba zai ɗauka ba: an sayar da kare an sayi biri. Na sha ganin masu ɗaukar fari da suka koma canza hanya in sun hango ni. Adashen da zai amfane ka ƙarami ne, wanda ɗaukarka za ta faɗo a kaka, Oktoba ko Nuwamba, lokacin da hatsi ke shigowa Kasuwar Dole daga ƙauyuka. Buhu mai tiya 40 da ka ajiye a lokacin, shi zai hana ka komawa gaban mai kanti a watan Yuli, sa'ad da tiya ta yi tsada kowa yana neman ta. Yawancin bashin kanti da na sani, bashin damina ne.

In ka kashe na kasuwa, jaka 10 ta dawo hannunka duk wata. Kada ka bari ta narke cikin shayi da katin waya. Ka ɗauke ta yadda take ka kai wa mai kanti, wata huɗu ya ishe shi. Daga nan ta koma wajen wan matarka, wata shida. Na asusu yana tafiya da kansa, kada dai ka yarda a ce maka ka sabunta don an ga kana biya daidai, nan ne mutane da yawa ke komawa ruwa.

Amma kafin ka fara, ka taka da ƙafarka ka je wurin su biyun nan. Shekarun da na yi ina bin mutane zubi sun koya mini cewa jinkiri ba ya ɓata wa mai bin bashi rai kamar ɓuya. Ka ce wa mai kanti: "Ga abin da kake bina, daga wata kaza zan riƙa kawo jaka 10, kuma daga yau abin da zan saya hannu da hannu ne." Wan matarka kuma kada ka aika, kada ka yi masa saƙon waya. Je ka gidansa, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗa masa watan da zai fara ganin kuɗinsa. Ya fi kowa haƙuri, na sani, amma haƙurinsa a kan ƙanwarsa yake sauka, ita ce ke sunkuyar da kai a taron dangi.

Abu biyu ke rusa irin wannan shiri a garin nan, ka yi musu tanadi. Ɗaya ruwa: kai ma ka san Damagaram in bazara ta kama, famfo ya ɗauke, 'yan garuwa su ƙara kuɗi. Ɗaya kuma zazzaɓin yara da damina. Tun 2006 aka ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a likita, amma wani lokaci za a rubuto maka magani ka saya a waje, kuma ciwo ba ya jiran ƙarshen wata. Ko jaka 2 ce ku riƙa jefawa a gwangwani duk wata, a hannunta, ba a aljihunka ba. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi sun zagayo daga Yuli zuwa Oktoba, a tabbata yaran sun sha, gidan sauro kuma a ɗaura shi, ba a bar shi cikin leda ba.

Zancen biki ban da abin cewa da yawa. Ku je, ku yi barka, ku kai abin da ya sawwaƙa. Anko na bana a yafe shi. Za a yi magana, kwana uku ne.

Ranar Alhamis da hantsi ina Kasuwar Dole wajen masu hatsi, duk wanda ka tambaya uwar adashe zai nuna maka ni. In kun rubuta, ku zo ku biyu da kayen mu duba tare. In kai kaɗai ne, kada ka wahalar da kanka.

Ka gaida mini ita da yaran.

Uwarka,
uwar adashe, Birni, Damagaram