A Kula Da Muryar Da Ake Ɗorawa Kan PowerPoint

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin malaman makaranta da ma'aikatan ƙungiyoyi na nan Yamai masu ɗora murya a kan shafukan PowerPoint. Hotuna sukan yi kyau, amma murya kamar daga cikin tulu take fitowa, kalmar farko ta shafi kuma ta yi ɓatan dabo.

Dalilin ɓatan shi ne PowerPoint ba ya ɗaukar sauti a daidai lokacin sauya shafi. A rufe jimla, a sauya, a ƙirga ɗaya, biyu, sannan a ci gaba. Wanda ya fi ma, a ɗauki muryar a Audacity, manhaja ce ta kyauta, kowane shafi da fayil ɗinsa: 01, 02, 03. In harshe ya sarƙe a shafi na 7, shi kaɗai za a sake.

Kafin ɗauka a kashe fanka, ko da zafin Afrilu ne, a rufe taga saboda kabu-kabu. Makirufo ya kasance tazarar ɗani ɗaya daga baki, a ɗan karkace, don kada iskar "f" da "ts" ta buge shi. A bar daƙiƙa 5 na shiru a farko. Da shirun nan ne Audacity ke gane hayaniyar ɗakin, ya cire ta daga sauran.

Nan ne mutane ke wuce gona da iri. Rage hayaniya da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 6 zuwa 12 ya wadatar. Wanda ya kai shi 25 zai ji muryarsa ta koma ta mai magana a ƙarƙashin ruwa. In kuma ana jin wani gunji mara yankewa, galibi na wutar lantarki ne mai hez 50 (wato kaɗawa sau 50 a daƙiƙa), kuma ta cajar kwamfuta yake shigowa. A zare ta, a ɗauka da batir.

Wajen yanka a yi hattara. Kalmominmu kusan duk da wasali suke ƙarewa, kuma wasalin a hankali yake mutuwa. Mai yanka dab da ƙarshen zanen sautin yakan datse shi, "gida" ta fito a guntule. A bar kusan rabin daƙiƙa. Numfashi ma kada a share shi duka, a dai rage ƙarfinsa, magana ba numfashi tana gajiyar da kunne.

Daga nan a daidaita ƙarfin duk fayilolin a kan desibel -1, kada shafi ɗaya ya yi raɗa na gaba ya yi tsawa. A riƙe fayil ɗin a tsarin WAV, wanda ba a matse ba, har a gama gyara, sai a fitar da MP3, wanda matsattse ne, sau ɗaya tak, don kowane sake matsewa yana cin inganci. In an fitar da MP3 a kan kilobit 128 a daƙiƙa, minti ɗaya bai cika mega 1 ba, WhatsApp zai kai shi Tawa ko Maraɗi ba wahala.

Na gode.

Wani mai haɗa sauti,
Yamai