Ciyawar teku da ƙananan halittun da ke kiwo a cikinta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta ɗan rahoton da kuka buga a kan ranar 1 ga Maris, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a shekarar 2022 domin tunawa da ciyawar teku bisa shawarar ƙasar Siri Lanka, kuma na ji daɗinsa. Sai dai ya tsaya ne ga kifi da batun ɗumamar yanayi, bai ce uffan ba game da halittun da ke rarrafe a gindin ciyawar, alhali kuwa rayuwarta da mutuwarta suna rataye a wuyansu. Na zauna a tsibirin Zanzibar, shi ya sa nake neman ku ba ni fili in ƙara bayani.

Halittun da nake nufi dangi ɗaya ne masu ƙaiƙayin fata, nau'insu ya kai kusan 7,000, kuma babu ko ɗaya da ke rayuwa a kogi ko tafki, wanda ina jin shi ne dalilin da ya sa Bahaushe bai raɗa musu suna ba. Akwai tauraron teku, akwai mai ƙaya da zan kira bushiyar teku, sannan akwai gurjin teku, wanda Suwahilawa ke ce wa jongoo bahari, wato ƙadandoniyar teku. Jikinsu ba ya iya daidaita gishiri da kansa, saboda haka duk inda ruwan kogi ko ambaliyar damina ta tsinka gishirin teku ko ta kwararo da laka, sai ka tarar sun yi ƙaranci.

A mashigin Chwaka da ke gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, idan ruwa ya janye, mata kan shiga da sanduna suna tsintar abin miya. A nan na fara ɗaga bushiyar da masana ke kira Tripneustes gratilla, na ga ta yafa gutsattsarin ganye da ɓawon katantanwa a bayanta, bakinta kuma yana ƙasa da haƙora biyar da take gaigayar ciyawa da su. Idan ba su da yawa kiwonsu ba ya ɓarna. Amma idan suka yi dandazo, kamar yadda aka gani a gaɓar Kenya wajen Mombasa da Watamu, sukan bi ta kan ciyawar Thalassodendron ciliatum tamkar fari sun sauka a gona, kuma da yake idon tohonta yana can saman kara ne, da zarar sun cinye shi sai a bar matattun karare tsaye, waɗanda kan ɗauki shekaru kafin wurin ya farfaɗo. Masunta kan ɗora wa bushiyar laifi. A ganina laifin ya fi komawa kan komar da ta kwashe kifayen da ke farfasa ta su ci, domin an lura cewa bushiyar ta fi yawa a wuraren da kamun kifi ya yi tsanani.

Matsalar gurjin teku kuwa ƙarewa ce. Aikinsa haɗiyar yashi, ya narkar da ruɓaɓɓen abin da ke ciki, ya fitar da sauran a murɗe kamar taliya, kuma ta haka yake yi wa ƙasar kaftu yana mayar wa ciyawa taki. Sai ga shi ya zama haja mai tsada, ana dafa shi a shanya a tura kasuwannin Hong Kong da Sin. Abin ya kai babban yankin Tanzaniya ya hana kamunsa a 2006, yayin da Zanzibar ta ci gaba, sannan a 2013 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa nau'in gurjin da ake kira Holothuria scabra cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Yanzu wasu ƙauyukan kudu maso yammacin Madagaska da na Zanzibar sun koma kiwonsa a cikin shinge a bakin ruwa.

Roƙona shi ne, idan ranar ta sake zagayowa, wakilinku ya tambayi masu shirin dasa ciyawar teku ko sun ƙirga bushiya da gurjin da ke wurin kafin su dasa, kuma wace irin koma ake jefawa a kewayensa.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku daga Zariya